Ɗalibaina Sun Haife Ni, Kuma Darasina Na Korar Su Daga Aji

Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce, shekarata 27, ina koyar da ajin manya da yamma sau biyu a mako. Darasin zama ɗan ƙasa aka ba ni: kundin tsarin mulki, rassan gwamnati, haƙƙi da nauyi, zaɓe. Mun fara da mutum 24, yanzu da ƙyar 10 ke zuwa, alhali ajin lissafi da na karatu a cike suke, kuma mutanen ɗaya ne. Makon jiya ina cikin bayanin rassan gwamnati uku, wani dattijo da ya haife ni ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, cikin ukun nan wanne ne zai gyara mana inda yaranmu ke tsallaka titi zuwa makaranta?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuma ban san amsar ba. Da na koma gida sai da na yi kuka. Shugabar cibiyarmu ta ce in gwada koyarwa ta hanyar aiki, wato su zaɓi wata matsala su yi aiki a kanta. Ni tsoro nake ji. Kada in kasa gama manhaja, kada aji ya koma filin siyasa, ga shi rabinsu ba su ƙware a karatu ba. Idan kuma muka sha wahala hukuma ta yi biris da mu, da wane ido zan dube su? Ko in ajiye aikin ne kawai?

Wa alaikumus salam, Malama.

Kada ki ajiye aikin nan. Ina so ki sake juya tambayar dattijon a ranki, domin ni ban ji raini a cikinta ba. Wanda ya raina darasi ba ya ɗaga hannu, daina zuwa yake yi, kamar yadda mutum 14 suka yi ba ko sallama. Shi wannan ya zauna, ya saurara, ya ɗauki abin da kika rubuta a allo ya kara shi da rayuwarsa, sai ya rasa inda za su haɗu. Abin da ya tambaya shi ne zuciyar darasinki gaba ɗaya: wa ke da alhakin wannan abu, ta wace ƙofa ake isa wurinsa, in kuma ya ƙi saurara ina za a nufa. Dariyar ajin ma ina kyautata zaton ba ke aka yi wa ba. Dariya ce ta mutanen da wani ya faɗi abin da ke cin ransu.

Rashin sanin amsar kada ya hana ki barci. Ki tara masu digiri goma, ki nuna musu wani titi, ki ce na wace hukuma ne, ki ga yadda za su yi ta kame-kame. A ƙasashe da yawa wannan titin na gwamnatin tsakiya ne, na kusa da shi na jiha ko lardi, na bayansa na ƙaramar hukuma, sannan fitilar da ke kansa da magudanar da ke gefensa kowace da ofishin da ke kula da ita. Littafin manhaja ba ya kai mutum nan. Amsar da ta dace a ranar ita ce, "Baba, ban sani ba, amma mu bincika tare." Har yanzu ba ki makara da faɗinta ba.

Ki kuma lura da abin da kika faɗa da kanki, cewa ajin lissafi a cike yake. Mutumin da ya wuni yana neman abin rufin asiri, ya zo da gajiya ya zauna a benci, ciniki yake yi da lokacinsa. Lissafi na biyansa washegari, darasinki bai fara biyansa ba tukuna. Malcolm Knowles, Ba'amurken da ya yi suna kan ilimin manya a shekarun 1970, a nan ya tsaya: yaro na iya haƙuri ya koyi abu don wata rana, babba kuwa yana son sanin dalili kafin ya fara, yana shigowa aji da gogewarsa niƙi-niƙi, kuma matsalar da ke gabansa ce ke jan hankalinsa fiye da babin littafi. Gemu ba ya hana ilimi, haka ne, amma mai gemu ba ya zama a yi masa karatun da bai ga inda zai kai shi ba.

Akwai wani aji da nake yawan tunawa idan irin wannan magana ta taso. A farkon 1957, a tsibirin Johns da ke jihar Carolina ta Kudu a Amurka, aka buɗe ajin dare na manya baƙar fata. A lokacin, cikin shingayen da ake gitta wa baƙaƙe don kada su yi rajistar zaɓe akwai jarrabawar karatu, inda ake ba mutum wani sashe na kundin tsarin mulkin jihar ya karanta. Esau Jenkins, wanda ke da bas yana jigilar ma'aikata daga tsibirin zuwa birnin Charleston, ya fara koya wa fasinjojinsa waɗannan sassa a cikin mota. Shi da Septima Clark, malamar da aka sallama daga aiki a 1956 saboda ta ƙi fita daga ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata, suka nemi taimakon makarantar Highlander ta jihar Tennessee. Aka samu gini, aka yi kantin haɗin gwiwa a gaba, aji a ɗakin baya, don kada masu adawa su sa ido. Wadda aka ɗora kan ajin, Bernice Robinson, ba malamar makaranta ba ce, sana'arta gyaran gashi. Da gangan aka zaɓe ta, don ana gudun ƙwararriyar malama ta riƙa ɗaukar dattawan kamar yara. Ta fara da mutum 14. Ta zo da kayan karatun yara, ta ga ba su dace ba, ta ture su gefe, ta tambayi ɗaliban me suke so su iya. Suka ce rubuta sunansu, cike takardar aika kuɗi ta gidan waya, karanta wasiƙa da jarida, cike takardar odar kaya. Da waɗannan ta koyar da su, ta kuma manna Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 a bango. Aikin da ke gaban ajin kuwa kowa ya san shi: a je ofishin rajista, a tsallake jarrabawar, a dawo da suna cikin masu zaɓe. Ajin nan ƙaruwa ya yi maimakon raguwa, aka buɗe irinsa a tsibiran da ke kusa, a 1961 kuma ƙungiyar su Martin Luther King ta karɓi shirin ta yaɗa shi a kudancin ƙasar.

Abu biyu nake so ki ɗauka daga nan. Matar ta tambaya kafin ta koyar. Sannan ajin na da wani aiki a wajen ɗaki, mai ƙofa da za a ƙwanƙwasa da ranar da za a je. Wannan shi ne abin da shugabarku ke nufi, kuma hanyar ba sabuwa ba ce. William Kilpatrick, almajirin John Dewey, masanin falsafar ilimi na Amurka, a jami'ar Columbia, ya rubuta maƙala a kanta tun 1918, yana cewa mutum ya fi koyo idan ya sa wani aiki a gaba da zuciya ɗaya. Sai dai ki kiyayi jabunta, domin ta yi yawa. Malami ya yi mako goma yana zuba bayani, a makon ƙarshe ya ce a zana fosta kan haƙƙin ɗan ƙasa, ya ce ya yi koyarwa ta hanyar aiki. A ta gaske, aikin ne ke gaba tun ranar farko, darasi na biye da shi, yana shigowa duk lokacin da aji ya ci karo da abin da bai sani ba.

A zaman farko kada ki rubuta komai a allo sai tambaya ɗaya: mene ne ke damunmu a inda muke zaune, wanda mutum ɗaya ba zai iya gyarawa ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za su kawo miki wajen ashirin, daga tsadar rayuwa da rashin aikin yi har zuwa fitilar da ta mutu a lungu. Ki rubuta duka, har waɗanda kika san sun fi ƙarfinku, domin wanda aka share maganarsa ranar farko ba zai ƙara buɗe baki ba. Daga nan sai ku tace tare. Kowace matsala ku tambaye ta: za mu iya ganinta da ido mu ƙirga ta? Akwai ofishin da za mu iya kiran sunansa mu je da ƙafarmu? Cikin mako takwas ko goma wani abu zai iya motsawa? Su da kansu za su ga cewa tsadar rayuwa, duk da ita ta fi ciwo, ba ta da ƙofa ɗaya, mashigar yara kuwa tana da ita.

Idan suka rage uku, kada ki zaɓa musu, kada kuma ki ce a ɗaga hannu. Ki shirya zaɓe na sosai. Rajistar aji ta zama rajistar masu zaɓe, kwali ya zama akwati, kowace matsala a ba ta alama da aka zana don wanda bai iya karatu ba ya gane tasa. A nuna wa kowa akwatin babu komai ciki kafin a rufe. Kowane ɓangare ya ba da wakili ɗaya da zai tsaya kan ƙirga, a ƙirga da babbar murya, a rubuta sakamako, wakilai su sa hannu. Sai bayan an gama ki yi tambayoyinki. Me ya sa muka ɓoye ƙuri'a? Matashiyar da ba za ta iya saɓa wa dattijo a gaban idonsa ba ta san amsar fiye da littafi, ki ba ta dama ta faɗa. Me ya sa aka nuna akwatin tun farko? Waɗanda zaɓinsu ya faɗi, me ya rage musu, kuma me masu rinjaye ke bin su, me suke bin masu rinjaye? Babin zaɓe ke nan kin gama shi a yamma ɗaya, kuma bana jin akwai wanda zai yi gyangyaɗi.

A ce mashigar yaran ce ta ci. Mataki na gaba shi ne hujja, kuma a nan ne damuwarki kan marasa ƙwarewa a karatu za ta kwanta. Koke mara hujja ƙorafi ne kawai, ma'aikaci ya saba jinsa yana gyaɗa kai. Su raba kansu, su tsaya a wurin lokacin tafiya makaranta da lokacin tashi, kwana biyar a jere. Yara nawa suka tsallaka? Motoci nawa suka wuce cikin minti goma? Yaro na tsayawa minti nawa kafin ya samu sarari? Wannan aiki ba ya buƙatar iya rubuta jimla, zane-zanen layi a takarda ya isa.

Na taɓa riƙe aji irin naki shekarun baya, mu matsalar da aka zaɓa ita ce sharar da ake bari ta taru a bakin wata makaranta. Akwai wata baiwar Allah a ajin, ta manyanta, sunanta kaɗai ta iya rubutawa, kuma kullum a bencin baya take zama. Ta ɗauki ƙaramin littafi, duk ranar da motar shara ta zo ta ja layi, ranar da ba ta zo ba ta yi da'ira. Mako shida ba ta tsallake rana ba. Ranar da muka samu ganin jami'in da ke kula da sashen, ya ce mana ai motar na zuwa sau uku a mako. Kafin kowa ya yi magana ta buɗe littafin, ta juya shi ya fuskance shi, ta ɗora yatsa kan jerin da'irorin tana bin su ɗaya bayan ɗaya ba ta ce uffan ba. Mutumin ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ɗauki biro ya tambaye ta ranakun. Daga ranar nan ta dawo bencin gaba.

Irin wannan ya faru a babban mataki a jihar Rajasthan ta Indiya. Daga ƙarshen 1994 wata ƙungiyar ma'aikata da manoma mai suna MKSS ta fara tara mutanen ƙauye tana karanta musu takardun biyan ladan ayyukan gwamnati da babbar murya. Akasarin masu sauraro ba su iya karatu ba, amma sun san wa ya yi aiki, kwana nawa ya yi, nawa aka ba shi, sun kuma san sunayen waɗanda suka daɗe da rasuwa amma takarda ta ce sun karɓi kuɗi. Wannan gwagwarmaya na cikin abubuwan da suka kai ga dokar 'yancin samun bayanai ta Indiya a 2005. Don haka ki mayar da karatu da babbar murya al'adar ajinki. Duk takardar da ta shigo, mutum ɗaya ya karanta, kowa ya ji, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ki haɗa mai iya rubutu da mai iya magana, mai iya magana da mai iya ƙirga.

Kada su tsaya kan masu goyon bayansu kawai. Su je su ji ta bakin direbobi, da masu kantuna a gefen titin, da shugaban makarantar. Direba zai ce tudun rage gudu na lalata masa mota, mai kanti zai ce shinge zai tare masa ƙofa. Sai aji ya jera mafita: tudun rage gudu, zanen mashiga da alama, mai tsallakar da yara a sa'o'in makaranta, ko sauya wa makarantar ƙofa zuwa ɓangaren da ba cunkoso. Kowace da kuɗinta, kowace da wanda za ta ɓata wa rai. Wannan muhawara ita na fi so a duk aikin, domin a nan ne mutum ke gane cewa wanda ke adawa da shi ma ɗan ƙasa ne mai haƙƙi, kuma kuɗin jama'a ba ya isar komai a lokaci ɗaya.

Batun manhaja kuwa, ki ɗauki takarda yau da dare, ki jera babobinta a hagu, matakan aikin a dama, ki ja layi tsakanin waɗanda suka dace. Neman sanin mai titin zai kawo matakan gwamnati da rabon iko. Tambayar wa ke amincewa da kuɗi, wa ke kashewa, zai kawo majalisa da ɓangaren zartarwa da kasafin kuɗi. Tambayar ina za mu je in an ƙi mu zai kawo kotu da hukumomin karɓar koke. Neman ganin takardun hukuma zai kawo haƙƙin samun bayanai, wanda Suwidin ta fara sa wa doka tun 1766, yanzu kuma ƙasashe fiye da 100 na da irinta. Ki duba ko taku na da ita, da wa'adin da ta ba hukuma ta amsa. Za ki ga mafi yawan babobin sun samu wurin zama. Waɗanda suka rage, kamar tarihin kundin tsarin mulki ko alamomin ƙasa, ki koyar da su kai tsaye, minti 20 a farkon zama, ba laifi ba ne. Ki kai wa shugabarku wannan takarda ta gani, don gobe kada a ce kin bar manhaja.

Yanzu ga kuskuren da nake roƙonki kada ki maimaita, don ni na yi shi. A ajin nan nawa da ya zaɓi matsalar shara, wasiƙarmu ta farko zuwa ga hukuma ni na rubuta ta. Na zauna da dare na tsara ta da harshen ofis mai kyau, na kawo suka sa hannu. Mako uku shiru. Sai na ji wani a cikinsu yana ce wa ɗan'uwansa, "Ba a amsa wasiƙar Malam ba." Kalmar nan ta tsaya mini a rai. Wasiƙar Malam. Na gane cewa na ƙwace musu aikin ina ganin taimako nake yi. Ta biyu su suka faɗa, ɗaya daga cikinsu ya rubuta a allo, suka yi gardama kan kowace jimla har zama biyu. Ba ta kai tawa kyau ba, amma kowa a ajin zai iya tsayawa ya kare abin da ke ciki. Ke aikinki shi ne ki tabbatar wasiƙar ta faɗi abu huɗu: su wane ne, me suka gani da alƙalumansa, me suke nema takamaimai, da yadda za a same su. Shafi ɗaya ya isa. Su yi kwafi biyu, su kai da hannu, su tsaya sai an buga wa nasu hatimi da kwanan wata, su rubuta sunan ofishin da ya karɓa. Wannan ƙaramin abu na kwafi mai hatimi, na ga mutanen da shi kaɗai suka ɗauka daga ajin, kuma ya yi musu amfani a harkar fili, da fansho, da makarantar 'ya'yansu. Kafin ranar ganawa kuma ku gwada a aji: wani ya zama jami'i, ya ce "oga ba ya nan," ya ce "ba hurumimmu ba ne," ya ce "babu kuɗi," su koyi tambayar da ke biyo bayan kowace: yaushe zai dawo, hurumin wa ne, yaushe ake tsara kasafin baɗi.

Tsoronki na siyasa yana kan hanya. Manya na shigowa da jam'iyyunsu a aljihu, kuma maganar titi na iya komawa maganar wanda ke kan kujera cikin minti biyu. Ba za ki hana ta da tsawa ba, musamman ga waɗanda suka girme ki. Ki bar su su kafa ƙa'idojin aji da kansu tun zaman farko, a rubuta a manna a bango. Ki tabbatar biyu sun shiga: ana kiran sunan ofis ne, ba na jam'iyya ko na mutum ba, kuma duk wanda ya ce "an ci kuɗin" za a tambaye shi ta yaya muka sani. Dokar da suka yi da kansu, su za su riƙa tunatar da juna. Ke kuma kada wanda ya san inda ƙuri'arki take. Idan lokacin kamfe ya kusa, wani ɗan takara zai iya son ɗaukar hoto da ajin. Ku yanke shawara kan wannan tun kafin ya zo. Ki kuma tuna cewa akwai wuraren da koke ke da farashi. Ma'aikacin gwamnati ko wanda zamansa bai gama tabbata ba na iya gudun sa sunansa a takarda. Kada a tilasta kowa, yana iya ƙirga motoci ba tare da ya sa hannu ba. Hoton yara kuma ba a ɗauka sai da izinin iyaye.

Sai babbar tambayarki, in hukuma ta yi biris. Tana iya yi, kuma ki faɗa musu haka tun ranar farko, kada ki yi alƙawarin abin da ba a hannunki yake ba. Ki ce, "Ban yi muku alƙawarin za a gyara ba. Na yi muku alƙawarin cewa kafin mu gama, kowa a nan zai san ƙofar da ake bi, da abin da ake riƙewa a hannu, da inda ake zuwa in ta ƙi buɗuwa." Waɗannan mutane sun sha ganin biris tun kafin a haife ki, ba zai karya su ba. Abin da ke karya mutum shi ne a yi masa biris bai san mataki na gaba ba. Don haka ki sa shirun cikin tsarin: bayan mako biyu wasiƙar tuni ɗauke da kwafin ta farko, bayan ita wakilin yankinsu a majalisa, bayan shi hukumar koke ko zaman sauraron jama'a in akwai. Mu a namu aikin, motar ta daidaita na wani lokaci, daga baya ta sake ja da baya. Abin da ya sauya shi ne, da ta ja da bayan, mutum uku daga ajin suka koma ofishin da kwafinsu ba tare da sun neme ni ba. Daga baya na ji labari.

Da wannan za ki auna su ma. Kowa ya riƙe fayil ɗinsa: ƙirgar da ya yi, kwafin wasiƙa, abin da ya koya a kowane mataki ko da wani ne ya rubuta masa. A ƙarshe ki ba kowa sabuwar matsala da baki, misali asibitin gwamnati da ba a buɗewa kan lokaci, ki ce ya faɗa miki wa zai nema, da me zai je, me zai yi in an yi shiru. Wanda ya amsa wannan ya ci, ko da har yanzu yana haɗa baƙi da ƙyar. Idan cibiyarku na da jarrabawar rubutu da ba makawa, ki ware zama biyu na ƙarshe don bita. Za ki tarar ma'anonin na zama da sauri tunda kowace kalma ta samu abin da za ta rataya a jikinsa.

Kada kuma ki fahimci duk wannan a matsayin ki koma gefe ki naɗe hannu. Dewey da kansa, a 1938, ya gargaɗi masu bin sabuwar hanyar cewa sakar wa ɗalibai ragama ba tare da jagora ba ba shi ne 'yanci ba. Ke ce mai riƙe kalanda, ke ce mai lura cewa mutum biyu sun cinye magana matan baya ba su ce komai ba, ke ce mai tsayar da aji ki ce, "Abin nan da muka ci karo da shi yanzu, sunansa rabon iko, ga yadda yake." Ƙuruciyarki ba cikas ba ce a wannan tsari. Sun fi ki sanin unguwa da mutane da yadda ake shiga ofis a fito da mutunci, kin fi su sanin takarda da tsari. Su ma sun san haka, kuma za su girmama ki idan kika nuna kin sani.

Kafin zama na gaba, ki samu dattijon nan shi kaɗai, ki gaishe shi, ki ce, "Baba, tambayarka ta hana ni sukuni, kuma ina so mu mayar da ita aikin aji. Za ka taimake ni ka gabatar da ita?" Sannan ki roƙe shi, shi da mutum biyu ko uku cikin masu zuwa, su leƙa waɗanda suka daina zuwa su shaida musu cewa ranar kaza akwai zaɓe a aji, kuma sunansu na cikin rajista. Ki tanadi kwali, da takardu, da biro mai kyau. Idan an ƙirga ƙuri'u, ki rubuto mini abin da ya ci.